Mai ƙafa uku na jaka takwas da hoton tauraruwa mai wutsiya

Salamu alaikum ƴan uwa. Tunda na saka hoton tauraruwa mai wutsiyan nan a Facebook ake ta tambayana wai da wace kamara na ɗauka, to wallahi ba kamara ba ce, salula ce kawai, abinda ya yi aikin shi ne mai ƙafa ukun nan da ake ɗora waya a kai, na saye shi a wani shago kusa da kasuwar Dole ta Damagaram jaka takwas, harda ɗan rimot na Bluetooth a ciki.

Tauraruwar ita ce Tsuchinshan-ATLAS, wadda aka fara ganowa a China a farkon 2023. A ƙarshen Satumba 2024 tana fitowa ne ta gabas can ƙasa ƙasa kafin rana ta fito, kuma lokacin kaɗan ne sosai, ana sallame sallar asuba sai mu hau moto ni da ƙanena mu bi hanyar Mirriah dan mu kauce ma fitilun gari. In ka yi jinkirin minti ashirin shikenan gari ya waye ta ɓace. Kwana biyu hadari ya rufe mana gabas, damina ba ta gama tafiya ba, sai a na uku Allah ya nufa.

Ranar na gane amfanin abin. Hoton dare sai ka bar waya a buɗe kamar sakan 5 zuwa 8 tana shan haske, ISO (wato ƙarfin jin hasken kamarar) wajen 800, kuma hannun ɗan Adam ba ya iya tsayawa cak haka, ko numfashi ka yi taurari sun zama kamar tsutsa. Amma da na ɗora ta na danna rimot daga nesa, sai ga wutsiyar ta fito ta miƙe sama, alhali da ido da kyar muke hango ɗan fari fari. Jikina har tsuma ya yi, na ce Allahu Akbar, ƙanena ya ce Yaya sake ɗauka mu gani.

Aibin mai ƙafa ukun kuwa ba shi da nauyi ko kaɗan, iska na kaɗawa sai ya riƙa rawa, hotuna da yawa sun lalace min haka. Dabarar da na yi, ban zaro ƙafafun duka ba, na kafa shi gajere bisa dutse, na cika leda da tsakuwa na rataya a tsakiya. Mariƙin wayar ma roba ce, in ka karkata ta sama sosai yana sulalewa a hankali, sai ka ɗaure da ƙarfi, kuma ina tsoron wata rana zai tsage.

Mai babbar kamara kar ma ya saya, ba zai ɗauke ta ba. Mai salula dai ya saya kuɗinsa ba za su tafi a banza ba, amma ya buɗe shi a shagon ya gwada kowane makulli kafin ya biya, kuma ya tambayi batirin rimot ɗin ko yana ciki.