Xbox Series S: araha a shago, tsada a data

Na'urar wasan bidiyo ta Xbox Series S ta fito a Nuwamban 2020 a kan dala 299, lokacin da PlayStation 5 (PS5) mai faifai ke dala 499. A talabijin mai 1080p, wasan ƙwallo na EA Sports FC na tafiya lafiya lau, kuma na'urar ba ta cin wuta kamar PS5, ƙaramin inbata ma zai ɗauke ta.

Matsalar tana wajen ma'aji. An rubuta 512GB a kwali, amma abin da ke rage wa mai wasa kusan 364GB ne. Call of Duty kaɗai kan haura 100GB, manyan wasanni uku sun cika ta. Ma'ajin waje (hard disk) na USB kuwa ajiye sababbin wasanni kawai yake yi, ba ya kunna su. Sai an sayi katin ƙarin ma'aji na kamfanin Seagate ko WD, mai ɗan karen tsada.

Ba ta da wurin saka faifai, don haka babu aron wasa wurin aboki, babu sayen na hannu. Komai sai an sauke daga intanet. Wanda ke dogaro da datar waya ya ƙara kuɗi ya ɗauki PS5 mai faifai.