Allurar titaniyom ko ta sitil: wacce ta fi wa ƙaramar bindiga?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka cire allurar sitil mai bugun gindin harsashi ka sa ta titaniyom. Ya danganta da ƙirar bindigar, amma ga yawancin mutane ba ya biyan kuɗin sabulu.

Bambancin duka a nauyi yake. Titaniyom giram 4.5 ne a kowace santimita kubik, sitil kuwa kusan 7.8, wato allurar takan ragu da kashi 40 cikin ɗari ko sama da haka. Inda wannan ke da amfani na gaske shi ne ƙaramar bindiga mai guduma da ake kira 1911, ƙirar Series 70, wadda ba ta da makullin da ke riƙe allura (kamfanin Colt mai ƙera ta ya ƙara shi ne a ƙirar Series 80 a 1983). Idan irin wannan bindigar ta faɗi da baki a kan siminti, nauyin allurar kaɗai na iya tura ta gaba ta tashi harsashi ba tare da an taɓa kunama ba. Allura mara nauyi, haɗe da sifirin mai ƙarfi, na rage wannan haɗarin sosai. Shi ya sa kamfanin Ruger ke sa allurar titaniyom a bindigarsa SR1911 tun daga masana'anta.

Batun saurin tashi da ake tallatawa kuwa, a bindiga mai guduma tafiyar gudumar ce ke cin lokacin, hannunka ba zai ji komai ba.

A bindiga mara guduma irin Glock, sitil ya fi. Makullin allura na nan a ciki, saboda haka maganar faɗuwa ba ta taso ba. Sannan bugun allura mara nauyi kan yi rauni a kan harsashi mai taurin gindi: ka ja kunama, ka ji ƙas, ka duba ka ga ɗan lotsi mara zurfi. Abin ya fi muni idan an haɗa ta da sifirin mai laushi. Titaniyom ba ya tsatsa, gaskiya ne, amma bai kai sitil da aka gasa tauri ba, yakan ci a wurin da yake gogar sandar kunama, kuma idan gindin harsashi ya huje, zafin iskar na zaizaye tsininsa.

In taka 1911 ce mara makulli, saya, amma ka auna kaurin tsinin, domin na bindiga mai cin harsashin .45 yakan fi na mai cin harsashin 9mm kauri. Maƙerin bindiga ya sa maka, sannan ka gwada ta da ainihin harsashin da kake amfani da shi kafin ka dogara da ita.