Tsakanin faifan Bettye LaVette da na Solomon Burke, ɗauki na Bettye

Ɗan'uwa, duka biyun da ka tambaya suna wurina, wato The Scene of the Crime na Bettye LaVette da ƙungiyar Drive-By Truckers, da kuma Hold On Tight na Solomon Burke da ƙungiyar De Dijk. Tunda kuɗin ɗaya gare ka, sayi na Bettye.

Matar nan tana da shekara 16 ta fara fitar da waƙa, a 1962. A 1972 kamfanin Atlantic ya kai ta garin Muscle Shoals a jihar Alabama ta Amurka, ta naɗi faifai sukutum, sai kamfanin ya ajiye shi ya ƙi fitarwa. Sai a 2000 wani ɗan Faransa ya samo shi ya fito da shi. To a 2007 ta koma wannan garin da aka ɓata mata rai, ta shiga sutudiyon FAME da samarin nan 'yan kiɗan rok. Ka ga inda sunan faifan, wato wurin da aka aikata laifi, ya samo asali. Jagoransu Patterson Hood ɗan David Hood ne, shahararren mai kaɗa jitar bas na Muscle Shoals, shi ya sa sun san ladabin raka mai waƙar sol, salon baƙaƙen fatar Amurka da Bettye ke yi. Jitarsu tana da kaushi, amma ba ta taɓa hawa kan muryarta. Ga Spooner Oldham a kan fiyano, yana taɓawa a hankali. Muryar ta dushe, tana karcewa, kuma duk kalmar da ta furta sai ka ji kamar a kanta abin ya faru. Har faifan ya shiga takarar Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka.

Na taɓa saka shi a mota ina kai kawuna gida, dattijon da ya yi samartakarsa da faifan garmaho. Tun waƙa ta biyu ya bar magana. Da muka isa ƙofar gida ya ce kada in kashe mota sai wadda ake yi ta ƙare. Washegari ya aiko jikansa a ara masa, da ƙyar na karɓo abina.

Na Burke kuwa, muryar sarki ce, ba mai musu. Amma waƙoƙin na De Dijk ne, 'yan Holan, aka juya masa su zuwa Turanci, sai ya zama kamar baƙo a babbar rigar aro. Darajarsa a wurina ita ce Burke ya rasu a filin jirgin saman Schiphol ranar 10 ga Oktoba 2010, ya je yin wasa da su a Amsterdam. Ba na yawan saka shi.

Sannan ka kula da masu sayarwa a intanet. Wasu kwafi suke bugawa a kwamfuta, su manna hoto mai kyau su ce na asali ne. Ka ce a ɗauko maka hoton bayan kwalin da ɗan littafin ciki, ka duba tambarin kamfanin Anti- da ya fitar da na Bettye, a kuma juya maka ƙasan faifan ka ga ko ya kakkarce. Wanda ya ce sai ka tura kuɗi kafin ya nuna maka, rabu da shi.