Hayar gida mai get a Sakkwato: abin dubawa kafin a ba dillali kuɗi

Duk dillalin da zai kai ka ganin gida a rukunin gidaje masu get, da get ɗin zai fara. Zai nuna maka maigadi, ya nuna katanga mai waya a samanta, sannan ya ce, "Yallaɓai, wanga wuri ko kaza ba ta shiga sai da izini." Ba ƙarya ya yi ba, tsaro abin biya ne, balle ga wanda aiki ke yawan fitar da shi gari ya bar iyali. Amma a garin da zafi ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, get ba ya sa mutum barci. Ruwa da wuta da yadda ginin ke riƙe zafi su ne za su nuna ko kuɗinka sun tafi inda ya dace, kuma su ne dillali ke saurin wucewa a kansu.

Abin da ake kira gida a cikin rukuni a nan iri-iri ne, ko da yake a bakin dillalai duk ɗaya ne. Akwai manyan rukunan da gwamnati ta gina, irin gidaje 500 na Kalambaina, da na Bado, da tsofaffin gidajen Gwiwa. Yawancinsu sun riga sun koma hannun ɗaiɗaikun mutane, don haka da mutum za ka yi ciniki, ba da ma'aikata ba. Layukansu a tsare suke, ga masallaci, ga shaguna, ga yara suna zuwa Islamiyya a ƙafa. Unguwa ce sosai. Sai dai a irin waɗannan wurare kowane gida shi ke neman wa kansa ruwa da wuta, tsaro kuma galibi na haɗin gwiwar mazauna ne, a tara kuɗi duk wata a biya 'yan sintiri. In mazauna layin masu haɗin kai ne, ka dace. Abin da za ka tabbatar tun farko shi ne wanda ke ba ka hayar shi ne mai gidan, ko kuwa yana da takardar wakilci daga gare shi.

Sai ƙananan rukunai na 'yan kasuwa: wani Alhaji ya sami fili, ya zuba gidaje huɗu ko shida ko takwas, ya kewaye su da katanga ɗaya da get ɗaya. Waɗannan ne ma'aikatan banki da na ƙungiyoyin agaji da likitoci suka fi nema, kuma su ne suka fi tsada, musamman waɗanda ake bayarwa da kujeru da gadaje da na'urar sanyaya ɗaki. A gefe guda kuma ga gida mai zaman kansa, da katangarsa da get ɗinsa, irin na tsohuwar unguwar Turawa ko sababbin gine-ginen Arkilla. A nan kai ne sarkin gidanka, kai ne kuma mai biyan maigadi.

Mu ɗauki ruwa. A ƙaramin rukuni za a ce maka akwai burtsatse, a nuna maka tanki a kan ƙarfe. Kada ka tsaya nan. Tanki nawa ne, gida nawa ke sha daga gare shi, kuma da me ake tura ruwan sama? In da wutar gari kaɗai injin ke aiki, duk ranar da aka ɗauke wuta famfo ma ya tafi hutu. In injin ya ƙone, wa zai saya, mai gida ko 'yan haya? Wannan tambayar kaɗai ta raba maƙwabta da yawa. Akwai wata shaida da ba ta buƙatar tambaya: ka zo da safe ba tare da dillali ba, ka tsaya nesa kaɗan. In ka ga 'yan ga-ruwa suna tura kura cike da jarkoki masu ruwan ɗorawa suna shiga get ɗin, ka san matsayin burtsatsen. Mai shayin bakin layi ma zai gaya maka abin da maigadi ba zai faɗa ba, don maigadi albashinsa yake karewa.

Wuta ta fi ruwa rikitarwa. Kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba wuta a Sakkwato, tare da Kaduna da Kebbi da Zamfara, kuma an kasa layuka aji-aji gwargwadon awannin da aka yi alkawarin bayarwa. Layin da ke ajin farko, wanda aka ce zai samu aƙalla awa 20 a rana, shi ne hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗinsa zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, kafin a ɗan rage daga baya. Dillali zai yi maka tallan layin a matsayin alheri, amma ka yi lissafi. Na'urar sanyaya ɗaki matsakaiciya tana cin kusan yunit ɗaya a awa. Guda uku, awa takwas kowane dare, wata ɗaya, yunit 720 ke nan. Ko a naira 200 aka sa, ka doshi naira 144,000, ba a zo maganar firji da injin ruwa ba. Saboda haka ka nemi gidan da ke da mitarsa ta kati shi kaɗai. Mita ɗaya ga gida shida fitina ce: mai na'ura huɗu da mai fanka biyu su biya daidai, kullum ana ƙunƙuni. Ka kuma sa a duba ko akwai tsohon bashi a kan mitar, domin bashin wuta gida yake bi, ba wanda ya tashi ba, sai ka sayi kati ka ga an zaftare.

Janareton haɗaka abin sha'awa ne a ranar da aka nuna maka shi. Tambayi awa nawa ake kunna shi, ƙarfe nawa ake kashewa, da yadda ake raba kuɗin man. Ni dai na fi natsuwa da gidan da ke da sola, ko wanda mai shi ya yarda a rubuce in kafa tawa in kuma cire ta ranar tashi. Rana ba ta yi mana rowa ba a Sakkwato. Illa dai ƙurar hunturu tana rufe farantan, sai an riƙa wankewa, batir kuma ba ya son ɗaki mai zafi.

Ginin kansa fa? Ka je ganinsa da misalin ƙarfe uku na rana, ba da sanyin safiya ba. Ka hau saman benen, ka shiga ɗakin da tagarsa ke kallon yamma, ka ɗora tafin hannu a bango. Sababbin gidaje da yawa an yi su ne don hoto: silin a ƙasa-ƙasa, kwano a kansa, harabar duk an shafe ta da siminti, babu ko bishiya ɗaya. Irin wannan gidan har bayan isha'i yana amayar da zafin da ya sha. Tsohon gida mai baranda da dogon silin da itatuwan dogon yaro, ko fentinsa ya koɗe, ya fi shi daɗin zama nesa ba kusa ba, ya kuma fi shi sauƙin kuɗin wuta.

Nan ne kuma ƙaramin rukuni ke da raunin da ba a cika faɗa ba. A bazara mutanen garin nan tsakar gida suke shimfiɗa tabarma su kwana. In harabar ta kowa da kowa ce, wannan ya wuce. Matan gida ba za su fito shan iska ko shanya ba sai da mayafi, domin direban maƙwabci na zaune a gindin mota. Babu zaure, baƙo namiji sai dai falo. Ga dokokin wurin: ƙarfe nawa ake rufe get, ana barin ɗan kabu-kabu ya shiga, ina za a ɗaure ragon layya, za a iya kafa rumfar suna? Wanda 'yan uwa ke sauka gidansa daga Gwadabawa ko Tambuwal ko Isa duk lokacin da aka kawo marar lafiya asibitin koyarwa, ya yi tunani sau biyu kafin ya shiga inda maigadi zai tsayar da kawunsa a waje yana kiran waya. A ganina, mai babban iyali da yawan baƙi gara ya nemi gida mai zaman kansa ko babban rukuni. Ƙaramin rukuni na sabon ango ne, da ma'aikacin da aka turo na shekara biyu, da wanda kwanansa a hanya ya fi kwanansa a gida.

Damina gajeriya ce, amma ka duba gindin katanga ko akwai zanen da ruwa ya bari, ka duba silin ko akwai tabo. Mutanen Mabera sun san abin da kwanciyar ruwa ke yi, kuma waɗanda suka ga ambaliyar 2010, da ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ba sa wasa da gidan da ke gangaren fadama. Nisa ma kuɗi ne tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023. Gida mai araha a bayan gari, in za a kai yara makaranta a dawo sau biyu a rana, ba araha ba ne. Mai son Kalambaina kuma ya auna kusancin gidan da kamfanin siminti da hanyar manyan motoci.

Kuɗin haya na shekara ba shi ne jimla ba. Akwai la'adar dillali, wadda kan kai kashi 10 cikin 100, akwai na lauya in shi ya rubuta yarjejeniya, akwai kuɗin ajiya na ɓarna, sannan a rukuni akwai kuɗin hidima: maigadi, shara, fitilun haraba, gyaran injin ruwa. Ka nemi a nuna maka abin da 'yan haya suka biya bara da abin da aka yi da shi, kuma a rubuta wanda ke da ikon ƙara shi. A ƙa'idar da aka fi bi a Najeriya, ɗan hayar shekara ana ba shi sanarwar wata shida kafin a tashe shi, sai fa in yarjejeniya ta faɗi wani abu daban, don haka ka karanta wannan layin da kyau kafin ka sa hannu. Kuɗi kuma ta banki, zuwa asusun mai gida, da rasit mai ɗauke da adireshin gidan da ranar farawa da ta ƙarewa.

Ranar karɓar makulli, ka zaga da mai gidan ko wakilinsa ɗaki-ɗaki, kana ɗaukar hoto da waya: tayil da ya tsage, famfon da ke ɗiga, ƙofar da ba ta kulluwa, lambar mita da yunit ɗin da ke cikinta. Ka tura masa hotunan nan take ta WhatsApp, ya amsa, ka ajiye saƙon. Da shi za ka karɓi kuɗin ajiyarka ranar da za ka tashi.