Shagon harsashin farauta a Bauchi da ba ya karɓar ɗan aike

Idan kana da lasisin bindigar farauta, kana zaune a Bauchi ko kewayenta, akwai shago guda da zan ce ka je. Amma ka je da ƙafarka, da takardunka, da haƙuri. Ba zan faɗi sunansa ba. Masu lasisi sun san shi, wanda ba shi da lasisi kuwa ko na raka shi har bakin ƙofa hannu rabbana zai dawo.

Ni manomi ne, gonata tana ɓangaren Alkaleri, masara da gyaɗa nake yi. Duk wanda ya taɓa noma a wannan yankin ya san ɓarnar gwaggon biri da gyado idan amfani ya fara nuna. Saboda su nake riƙe da tsohuwar bindiga mai baki biyu. Cikin Yankari dai farauta haramun ce, ni iyakata bakin gonata.

Shagon bai yi kama da wurin ciniki ba. Ƙofar ƙarfe ce, sai kanta, sai benci guda, sai wani katon littafin rajista da gefen shafukansa suka yi baƙi saboda yawan buɗewa. Ba za ka ga harsashi ko ɗaya a fili ba. Alhaji mai shagon zai karɓi lasisinka da katin ɗan ƙasa, ya ɗaga tabarau, ya duba ko ka sabunta, ya duba lambar bindigar da girman bakinta. Bayan nan ne zai shiga ɗakin ciki. Ya fito, sai ya buɗe kwalin a gabanka ya ƙirga guda 25 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta, ka sa hannu. Ko gaisawa kuke yi kullum a masallaci, haka zai yi maka.

Inda muka saɓa da shi a kan aike ne. Bara da kaka aiki ya riƙe ni a gona, na ɗaure lasisina a leda na ba ɗan ƙanena, saurayi ɗan shekara 19 mai hankali, na ce ya karɓo mini kwali guda. Alhaji ya hana shi. Na kira shi a waya na ce, "Alhaji, yaron nan fa ɗana ne, ni na turo shi." Ya ce, "Malam, na yarda ɗanka ne. To sunan wa ke jikin takardar?" Na ce to ya ba wa direban da ke lodin garinmu a tasha, na san shi shekara da shekaru. Ya yi 'yar dariya ya ce shi ba ya saka harsashi a mota kamar buhun albasa, in ina so in zo. Washegari na bar 'yan ƙwadago ba mai duba su, na biya kuɗin mota zuwa da dawowa. Har yau idan na tuna asarar wunin nan raina yana ɗan sosuwa, kuma har yau wurinsa nake zuwa.

Abin da ya sa ma na zauna rubuta wannan shi ne, abubuwan nan uku da Alhaji ke yi, wato ɓoye kaya a ciki, ƙin sayar wa yaro, da ƙin aikawa ta hannun wani, su ne majalisun wasu jihohin Amurka ke ta kai ruwa rana a kansu. A can dokar tarayya ta ce mai shago zai iya sayar wa ɗan shekara 18 harsashin doguwar bindiga, na ƙaramar bindiga kuwa sai ɗan 21, kuma a jihohi da dama mutum yana iya yin oda ta intanet a kawo masa har gida. Kalifoniya ta toshe wannan ƙofa: tun 2018 duk harsashin da aka saya ta intanet sai ya sauka a hannun dillali mai lasisi, daga Yulin 2019 kuma sai an binciki mai saye kafin a miƙa masa. Masu ra'ayin bindiga sun kai ƙara kotu, an daɗe ana shari'a. Kolorado ma a 2025 ta yi dokar ɗaga shekarun sayen harsashi zuwa 21, tare da wajabta wa shaguna ajiye shi inda hannun mai saye ba zai kai ba.

Mu a nan majalisar jiha ba ta da wannan hurumi. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ajiye makamai da harsasai da abubuwan fashewa a jerin abin da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka. Shi ya sa a 2022, da gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, aka yi ta fito mata da cewa ba gwamna ke ba da lasisi ba. Dokar makamai ta 1959 ita ke aiki har yanzu. Irin bindigata lasisinta daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, bindigar toka kuwa daga Kwamishinan 'yan sanda na jiha, kuma ba a ba wa wanda bai kai shekara 17 ba. Riƙe harsashi kansa babu lasisi laifi ne. Doka dai tana nan a rubuce tun kafin a haifi yawancinmu. A ganina ba ƙarancinta ke damunmu ba. Aikinta ya rataya ne a kan halin mutumin da ke bayan kanta, kuma ba kowane mutum ne Alhaji ba.

Kayansa masu kyau ne. Kwalayen a kan katako yake ɗora su, ba a ƙasa ba, don haka ko a tsakiyar Agusta ban taɓa samun wanda sanyi ya kama ba. Wanda ya taɓa ɗana kunama a gaban gyado harsashi ya ƙi tashi ya san darajar wannan. Sau ɗaya na ga tsatsa a gindin wasu guda biyu, tun kafin in yi magana ya cire su ya canza. Yana kuma faɗa maka gaskiya: mai ƙananan ƙwayoyin darma na tsuntsu ne, kada ka harbi babbar dabba da shi ka raunata ta a banza.

Aibinsa kuwa, na farko tsada, kuma ba ya ragi ko sisi. Na biyu, ba shi da tsayayyen lokacin buɗewa. Yaron shagon ba ya riƙe makullin ɗakin ciki, don haka in Alhaji ya tafi jana'iza ko ɗaurin aure, sai ka zauna a benci kana kallon bango. Kuma lambar harsashin da manoma suka fi nema, BB, mai ɗan manyan ƙwayoyin darma, takan yanke daidai lokacin da masara ke nuna, ta yi makonni ba ta dawo ba. In za ka taso daga Toro ko Ningi, ka fara kira ka tabbatar yana gari kuma akwai kaya, ka kuma duba ranar sabunta lasisinka tun a gida, domin ko kwana ɗaya ya wuce ba zai buɗe littafin ba.