'Yar rikodar hannu da daren da ta kusa cinye mana waƙa

Wata bakwai ke nan ina amfani da 'yar rikodar nan ta hannu, irin mai makirufo biyu a ka da suka gitta juna, kuma da a makon farko na rubuta wannan sharhi, da yabo zalla za ku karanta. Mu huɗu ne a ƙungiyarmu ta kiɗan rok: ni da jita, sai mai jitar bes, sai mai ganga, sai mawaƙiyarmu. Babbanmu bai cika shekara 25 ba. Babu wanda ya iya rubuta kiɗa a takarda a cikinmu, saboda haka duk abin da ba a naɗa ba ya bi iska. Yadda muke tsara waƙa shi ne wani ya fara kaɗa ɗan abin da ya zo masa, saura su bi shi, a yi ta juyawa har a ji wani abu ya zauna. Sau da yawa abin da ya fi daɗi sau ɗaya yake fitowa, washegari kuma kowa ya tuna shi daban.

Da can da waya muke naɗa. Makirufon waya don magana aka yi shi, da zarar mai ganga ya saki hannu sai sautin ya dagule, wayar ta riƙa rage ƙarfi tana ƙarawa da kanta, in ka zo saurare ba ka jin komai sai faya-fayan ƙarfe kamar ana ruwan sama a kan kwano. Bes kuwa sai ka rantse bai zo atisaye ba.

Ranar da na fara kai rikodar nan, na ɗora ta a kan sanda daidai ƙirji, kamar taku uku daga ganguna, na yi ta rage ƙarfin shigar sauti har ma'aunin ya daina wuce -12 ko da an doki ganga da iya ƙarfi. Da muka saurara a lasifika sai ɗakin ya yi tsit. A karon farko muka ji kanmu yadda mai tsayawa a gabanmu yake jin mu: ganguna a tsakiya, jitata a hagu, bes yana ƙasa yana riƙe da komai, muryar mawaƙiyarmu kuma ta fito sarai har ana jin inda take shan numfashi. A nan ne muka gane cewa in an shiga amshi gudu muke yi, mu fara waƙa a bugu 120 a minti mu ƙare ta kusa da 130. A nan na gane tsirkiyata ta uku tana sauka bayan waƙa biyu ko uku, alhali ina ganin na saita ta tun farko. Wallahi a wata ɗaya ta gyara mana abin da muka shekara muna musu a kansa, domin ba a musu da abin da kunne ya ji. A wannan fannin ba ni da abin cewa sai madalla.

To, sai daren da nake son ba ku labari.

Mun kusa tashi, kowa ya gaji, mai bes ya fara kaɗa wani ɗan zagaye a hankali, sauti huɗu kacal yana maimaitawa. Na bi shi da jita ba tare da na taka abin ƙara amo ba. Mawaƙiyarmu, wadda ta fi wata biyu tana cewa kanta ya toshe, ta ɗauki makirufo ta fara jero baiti a kan mahaifinta da ya rasu, abin da ba ta taɓa yarda ta taɓo ba ko a hira. Babu takarda a hannunta. Baiti uku da amshi suka fito a jere, mai ganga ya shigo a inda ya dace kamar an gaya masa, ni kuwa tsigar jikina ta tashi har na ji yatsuna suna rawa. Na saci kallon rikoda, jar fitila tana kunne, alamar batir tana nuna layi biyu cikin uku. Na ce a raina an kama.

Da muka tsaya na je in danna maɓallin tsayarwa, sai na tarar allon ya mutu. Babu ƙara, babu walƙiyar gargaɗi, babu komai. Na sa wasu batura, ta kunnu, fayil ɗin yana nan da sunansa, amma in ka danna shi sai ta ce ba ya buɗuwa. Muka cire memori muka sa a kwamfuta, nan ma haka. Mawaƙiyarmu ta ce, "Ɗan'uwa, kar ka ce min babu." Na kasa amsa mata. Ta zauna a kan lasifika ta yi ƙoƙarin tuno baitin farko, layi biyu ta samu, sauran sun tafi. Ban taɓa jin haushin wani kaya da na saya da kuɗina kamar yadda na ji a daren ba.

Daga baya na fahimci abin da ya faru, kuma fahimtar ba ta rage min haushi ba. Batura masu caji nake sa mata. Irin waɗannan bolt 1.2 suke bayarwa, ba 1.5 ba kamar na yau da kullum, kuma halinsu shi ne su riƙe ƙarfi kusan a waje ɗaya na tsawon lokaci, sa'annan su faɗi gaba ɗaya. Ashe akwai wurin da ake gaya wa rikodar irin batir ɗin da aka sa mata, an binne shi can cikin jerin saituna, in ba ka canza ba ma'aunin ƙarya zai riƙa yi maka. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, fayil ɗin WAV, wato irin fayil ɗin sautin da take ajiyewa, yana da ɗan bayani a farkonsa da ke faɗin tsawon sautin, kuma wannan rikodar ba ta kammala rubuta shi sai ka danna tsayarwa. Wuta ta yanke kafin nan, to fayil ya zama gida ba ƙofa. Ni dai a ganina na'urar da aka ƙera don naɗar abin da ba ya maimaituwa, wajibi ne ta rufe fayil da kanta in ta ji batir yana mutuwa. Daƙiƙa nawa wannan zai ɗauka?

Mai bes ɗinmu ne ya cece mu. Ya duba girman fayil ɗin ya ga ya kai megabait 650. Muna naɗa ne a bit 24 da ɗigon sauti 48,000 a daƙiƙa, wanda ke cin kusan megabait 17 a minti, ya lissafa ya ce wannan kusan minti 38 ne, ke nan sautin yana ciki. Ya buɗe Audacity, manhajar gyaran sauti, ya shigo da fayil ɗin a matsayin ɗanyen bayani, ya rubuta bit ɗin da saurin da yawan tashoshi da hannu. Karon farko wani irin shuuu ne ya fito mai tsaga kunne, zuciyata ta sake faɗuwa. Ya ce mu yi haƙuri, a bit 24 kowane ɗigon sauti bait uku ne, in ka fara karantawa daga inda bai dace ba hayaniya za ka ji. Ya matsar da wurin farawa da ɗaya, hayaniya. Ya ƙara ɗaya, sai ga zagayen bes ɗinsa yana fitowa tas. Mawaƙiyarmu ta rufe fuska da hannu biyu. Wajen ƙarfe biyu na dare ne, kuma babu wanda ya yi maganar tafiya sai da muka saurare ta sau huɗu.

Na rubuta wa kamfanin da ya ƙera ta, na yi bayani dalla-dalla. Bayan kwana tara aka turo min amsa layi biyu, wai in duba littafin jagora a kan nau'in batir. Ko uffan ba su ce ba a kan fayil ɗin da ya lalace, kuma da na bi tasu da na goge shi. Tun daga nan sauran laifuffukanta da nake kawar da kai suka fara tsaya min a rai. Jikinta roba ce mara kauri, in ka riƙe ta a hannu duk motsin yatsa yana shiga sautin. Murfin batir ɗin ya fara sakwarkwacewa. In ka jima wajen canza batura agogonta ya koma farko, sai ka tarar da atisayen wata guda dukansa da kwanan wata iri ɗaya, ka yi ta buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya kana neman amshin da aka yi ran Laraba.

Masu tambayata ko su saya, ina ce musu sautinta ya fi ƙarfin girmanta, amma ban ƙara yarda da ita ita kaɗai ba. Yanzu da igiyar caji nake haɗa ta da abin ajiyar caji, batura suna ciki don ko-ta-kwana, bayan kowace waƙa in tsayar in sake kunnawa, wayar mai ganga kuma tana gefe tana naɗar nata komai muninsa.

Waƙar ta dawo, amma ba duka ba. Rikodar ta mutu ana cikin baiti na uku, layi biyu na ƙarshe ba su shiga ba. Mawaƙiyarmu ta sake rubuta su har sau biyar, yanzu muna rera ta a wasa, mutane suna bin amshin. Ita dai har yau in mun iso wurin takan kalle ni, ta ce ba su ne kalmomin da ta faɗa a daren ba.