Shagon da ya yi mana jesin ƙwallon raga kafin tafiyar Kano

Ƙungiyarmu ta ƙwallon raga ba ta ƙwararru ba ce. Ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ɗalibai, daga Tudun Wada, Unguwar Rimi, Kawo har Barnawa a garin Kaduna, muna haɗuwa bayan la'asar mu buga, kowa da rigar da ya samu. Da aka gayyace mu gasar sada zumunta a Kano, masu gasar suka ce alƙalan wasa za su duba kayan kowace ƙungiya bisa ƙa'ida. Muka yi karo-karo, aka ɗora mini nemo mai yin jesi. Na kai aikin wani ɗan shago da ke kusa da kasuwar Sheikh Gumi, kuma ina rubuta wannan ne saboda masu ƙananan ƙungiyoyi irin tamu, waɗanda kuɗinsu ba ya jure a yi aiki sau biyu.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali tambayoyin maigidan shagon ne. Yawancin masu buga riguna a garin nan da 'yan ƙwallon ƙafa suka saba, ka ce jesi, sai su manna babbar lamba a baya shi ke nan. Shi kuwa da jin ƙwallon raga sai ya ce, "Malam, mai rigar daban ɗin nan fa, wane launi za a yi masa?" Libero yake nufi, mai tsaron baya, wanda hukumar ƙwallon raga ta duniya, FIVB, ta shigo da shi wasan a 1998, kuma dole rigarsa ta saɓa da ta sauran a launi. Muka zaɓi kore mai duhu ga kowa, ruwan ɗorawa ga libero. Sannan muka zauna kan lamba. A wasanmu gaba da baya ake sa ta, ta ƙirji ba ta gaza santimita 15 a tsayi ba, ta baya santimita 20, kaurin rubutun aƙalla santimita 2. Kyaftin kuma yana da ɗan layi a ƙarƙashin lambar ƙirjinsa, santimita 8 da 2. Wannan na ƙarshe bai san shi ba, amma bai yi gardama ba, ya ɗauko tef ya auna a kan takarda a gabana, ya rubuta a littafinsa.

Wajen awo ne na tabbatar da mutumin ya san sana'arsa. Masu tare ƙwallo a bakin raga dogaye ne, ragar maza kuwa mita 2.43 ce, duk wasan hannu a sama yake. Rigar da ta zauna daidai a tsaye, da an yi tsallen tarewa sai ta ɗage har cibiya. Da ya ga dogonmu guda, sai ya ce masa, "Ɗan'uwa, ɗaga hannayenka biyu kamar za ka tare." A haka ya auna shi, ya ƙara tsayi, ya buɗe hammata. Ya yi wa duk dogayen haka. A Kano babu wanda na gani yana jan rigarsa ƙasa tsakanin maki da maki, kuma duk wanda ya taɓa wasa da gajeriyar riga ya san yadda hakan ke raba hankali.

Ya ba mu zaɓi biyu a bugu. Akwai na manni, wanda ake yanka lambar a liƙa ta da injin zafi, shi ya fi araha. Akwai kuma wanda launin ke shiga cikin zaren yadin kansa, ya fi tsada kuma sai a yadin roba. Ya faɗa mini gaskiya cewa manni yana tsagewa, musamman a ƙirjin wanda ke faɗuwa ƙasa yana ceto ƙwallo a filin siminti. Muka ciji yatsa muka biya na biyun. A ganina a nan kuɗinmu ya fi yin amfani. Mun yi wasanni a zafin Kano, muka wanke rigunan da dare a masauki, kafin asuba sun bushe, kuma har yau lamba ɗaya ba ta ɗago ba, koren bai zuba a kan ruwan ɗorawa ba.

To amma akwai inda ya gaza, kuma ba ƙarami ba ne. Alƙawarin lokaci bai cika ba. Mun ba da kafin alƙalami da wuri, ya sa mana rana, ranar ta zo ta wuce. Yau babu wuta, gobe janareta ya lalace, jibi waya na ta ƙara ba a ɗauka. Matsalar wuta kowa ya san ta a Kaduna, ban zarge shi a kanta ba. Rashin ɗaukar waya ne ya ɓata mini rai, domin a lokacin na riga na kama mota a tashar Kawo, 'yan wasa sun nemi izini a wuraren aikinsu, kowa ni yake kira. Sai daren da za mu tashi da safe kayan suka iso hannuna, babu sauran damar gwaji balle gyara.

Gajerun wandunan kuma ba su kai rigunan ba. Robar ƙugun ta matse masu jiki, ɗinkin tsakiya layi ɗaya ne, kuma na liberonmu ya farke a wasa na biyu lokacin da ya baje ƙafa zai ɗauko wata ƙwallo. Da allura da zare muka rufa asiri a masauki. Da muka dawo na kai masa, ya karɓa ba musu, ya sake bin duk wandunan da ɗinki biyu bai karɓi ko sisi ba.

Zan koma wurinsa idan wata tafiyar ta taso, amma riguna kaɗai zan ba shi, wando in kai wa telan unguwa. Wanda zai kai masa aiki ya je da ma'aunin lambobin a rubuce, ya kai dogayen 'yan wasansa a auna su da kansu, kuma ya sa ranar karɓa ta riga ranar tafiya da aƙalla mako guda.